Rasuwar 'Yar Ja, Wadda Ƙafarta Ta Riga Ta Tafiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da suka rasa abin gogewa, ni babban ɗan gidan nan nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan arziki da 'yan kallo rasuwar 'Yar Ja, motar mahaifinmu mai ƙofa biyu da kujera biyu, wadda rai ya yi wa halinsa da hantsi a bakin kwalbatin babban shataletale, bayan gajeriyar rashin lafiya ta ƙafa. Ta rasu tana da shekara arba'in da ɗoriya, injinta garau, haƙoran giyarta ko ɗaya bai faɗi ba. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Ƙanena Auta ne ya kashe ta, kuma kada a ɗauka cikin fushi na faɗi haka, domin sai da na huce sarai kafin na ɗauki biro.

Muna neman afuwar jama'a saboda makarar wannan sanarwa. An jinkirta ta ne bisa shawarar iyali, domin har zuwa lokacin da nake wannan rubutu mai motar bai san ta mutu ba. Baba ya rasa ganinsa, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, yana zaune a ɗakinsa na saman bene, daidai kan garejin da marigayiyar ta yi rayuwarta. Ƙanwata Nas, wadda ke aiki a asibiti kuma take magana kamar ita ta gina shi, ta ce zuciyarsa ba za ta ɗauki labarin ba, musamman in ya ji hannun wa ke ciki. Saboda haka duk wanda ya karanta wannan takarda ya riƙe bakinsa, ya bi ta har ƙarshe, zai ga tsarin da aka yi.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ina yaro ƙarami. Ƙasa-ƙasa ce, doguwar hanci, ja jawur, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya idan gari ya yi daɗi. Ba ta taɓa ɗaukar buhu ba, ba ta taɓa kai kowa kasuwa ba, ba ta san lodi ba. Aikinta ɗaya ne a duniya, ta fita da Baba ta dawo da shi yana murmushi, kuma ta riƙe aikin nan da gaskiya fiye da yadda mu 'ya'yansa muka iya. Mai haƙuri ce, ba ta da cin mai, ba ta da yawan ƙorafi. Da safe idan aka murɗa makulli sai ta yi gyaran murya, “ƙyar, ƙyar, ƙyar,” sannan ta buɗe ƙirji ta ce “gurrrum,” tagogin gidan su amsa. Ƙofarta idan ta rufe cewa take “ɗum,” sau ɗaya, ba ta maimaitawa. Hon ɗinta kuwa “fam-faam,” da ladabi, kamar mai neman izinin wucewa.

Aibinta ɗaya, kuma ba laifinta ba ne, kujerunta biyu ne kacal. Ɗaya ta Baba. Ɗayar ta marigayiya mahaifiyarmu ce, har ranar da aka haifi Auta, daga nan ta zama tasa. Tun yana zanen goyo ake fita da shi shan iska, ya yi amai a kujerar, ya yi fitsari a kujerar, aka ce yaro ne. Ni aka ba ni bokiti da soso. Ba ƙorafi nake yi ba, a sanarwar rasuwa ba a ƙorafi. Ina dai so tarihi ya san cewa babu wanda ya san 'Yar Ja daga waje kamar ni. Na san inda fenti ya ɗan dusashe a bayan madubin hagu, na san inda ruwa ke maƙalewa a ƙarƙashin bamba. Cikinta kuwa nakan shiga idan zan share ƙasar takalmin Auta.

Dole in yi magana a kan ƙafafunta, tunda ta nan ajali ya shigo. An haife ta da rim huɗu na baƙin ƙarfe, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, sirara, masu fentin toka, kowanne da murfinsa na azurfa mai ƙyalli. A cikin murfin ƙafar gaba ta dama na fara ganin gashin bakina ya tsiro, ina tsugune ina gogewa. Kowace ƙafa kusoshi huɗu ne ke riƙe da ita, noti huɗu ke ɗaure ta. Ba su da kwalliya, ba su da surutu, amma sun ɗauke ta sama da shekara arba'in ba su taɓa gurɗewa ba.

Da idanun Baba suka tafi, ya kira mu biyu ɗakinsa. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro makulli, ya ce, “Auta, riƙe.” Sannan ya juya wajen da yake zaton ina tsaye, alhali ina ɗaya gefen, ya ce, “Kai kuma ka ci gaba da wanke ta, ka saba.” Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, furfura ta fara fito mini. Na ce to, Baba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, duk safiyar Asabar a tayar da ita a gareji ya ji muryarta. Idan ta ce “gurrrum,” daɓen ɗakinsa yakan yi rawa, kujerarsa ta karkarwa, warin fetur ya hau ta taga. Sai ya lumshe idanun da ba sa gani, ya ɗora hannu a gwiwa yana canza giya a iska. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, shi da maganin hawan jini.

Ciwon ajali ya fara ne a wayar Auta. Ya ga hotunan motoci irinta a ƙasashen waje an sa musu rim masu faɗi, masu walƙiya, tayar ta cika gidanta har tana leƙowa. Daga ranar ya fara jin kunyar marigayiyar. Ya ce ƙafafunta kamar na kaza, ba a ɗaukar hoto da su. Ya nemi shawarar amininsa da ake kira Injiniya, wanda sana'arsa sayar da rigunan waya ce, ya kuma sami laƙabin ne saboda ya taɓa dukan fanka ta ci gaba da juyawa. Su biyun suka zauna suka yi taron likitoci a kan mara lafiyar da ba ta ce komai na damunta ba, suka yanke hukuncin a yi mata tiyata.

Kowa ya san kafin a sayi rim sai an auna tazarar ramukansa, a tabbatar sun yi daidai da kusoshin motar. Auta ma ya sani, Allah Ya sa masa albarka, ya kuma auna. Da robar ɗaure takardu ya auna. Ya ɗora ta daga wannan kusa zuwa waccan, ya ɗiga alama da biro, ya zura a aljihu, suka nufi layin masu kayan mota. A wani shago suka ga huɗu masu ruwan zinare an jingine, faɗinsu ya kusa ninka na gado. Auta ya ciro robarsa ya ɗora. Ta ɗan gaza, sai ya ɗan ja ta, ta yi daidai cif. Da ƙafar tirela yake so, ita ma da ta yi daidai. Mai shagon, wanda ba shi da dalilin ɓata wa mai saye rai, ya ce, “Rami huɗu ai rami huɗu ne, ranka ya daɗe.” Abin da babu wanda ya tsaya tambaya shi ne, an ƙera 'Yar Ja a zamanin da ake awo da inci, su kuwa baƙin ƙafafun da milimita aka yanka su. Bambancin bai wuce kaurin farce ba, kuma a cikin wannan kaurin farcen aka binne shekara arba'in.

An yi tiyatar ne ina wurin aiki, a cikin gareji, ƙofa a rufe, ana magana ƙasa-ƙasa don kada mai saman bene ya ji. Daga baya Injiniya da bakinsa ya ba ni labari, yana alfahari. Suka ɗaga ta da jak, suka cire ƙafar gado, suka kawo sabuwa. Kusa ta farko ta shiga. Ta biyu ta shiga rabi tana turjiya. Ta uku da ta huɗu suka ce sam. Mai hankali a nan zai tsaya ya mayar da kaya. Injiniya ya aika aka aro masa magagari. Suka zauna dirshan suna gurzar ramukan, har rami mai siffar kwabo ya koma siffar ƙwai, sannan suka buga da guduma ta shige. Sai wata matsalar ta taso, sababbin rim ɗin kauri gare su, suka haɗiye kusoshin, ɗan kansu kawai ya leƙo, noti bai sami wurin kamawa ba sai a baki-baki. Injiniya ya sa sifana, ya hau kanta da ƙafa biyu yana tsalle har ƙarfen ya yi ƙara. Ya ce, “Ka ji? In ya yi kuka ya ɗauru.”

Da na dawo na tarar da ita tsaye a kan ƙafafun aro, ta yi tsuru-tsuru kamar tsohuwar da jikoki suka sa wa takalmi mai tsini don su yi dariya. Na tsuguna da sosona na taɓa noti ɗaya, na ce, “Auta, waɗannan ba su kama ba.” Ya ce, “Yaya, kai dai goge, ka bar wa masu makulli sauran.” Na goge. Na goge su tas, har sai da na ga fuskarsa a ciki. Na tambayi ina tsofaffin ƙafafun, ya ce ya sallama wa mai gwangwan don suna cin wuri.

Marigayiyar ta yi jinya cikin mutunci, ba ta ɓoye ciwonta ba, kuma ba ta yi raki ba. Da farko, duk kwanar da aka sha sai ta ce “ƙiiiii,” saboda tayar ta yi wa gidanta yawa, tana gogar madigadi. Injiniya ya zura sandar ƙarfe ya banƙare leɓen madigadin, fentin da na shekara talatin ina lallashi ya tsage ya zube kamar ɓawon ƙwai. Daga nan sitiyari ya fara kakkarwa idan an ɗan taka. Auta ya ce tsufa ne. Sai ta fara wani sabon kuka daga ƙafar gaba ta hagu, “kas, kas, kas,” a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ta san ba za a buɗe ba. Wannan karon aka ba ta magani mai ƙarfi, aka ƙara muryar rediyo.

Ranar da abin zai faru, Auta ya yi wanka, ya sa baƙin tabarau, ya naɗe rufin baya. An shirya ɗaukar bidiyon da zai girgiza duniya. Injiniya ya tsaya a tsakiyar shataletale da waya a hannu, Auta ya gangaro daga kan tudu yana taka mai. Waɗanda suka shaida sun ce ta yi magana sau uku. Ta ce “kas-kas-kas-kas” da sauri. Ta ce “tau.” Sannan ƙafar gaba ta hagu ta yi sallama da 'yan uwanta, ta wuce gaba ita kaɗai, tana walƙiya a rana. Marigayiyar ta durƙusa a kan hancinta, ta ja ƙasa tana tartsatsi, ta juya gefe, ta rungumi kwalbati. Kalmarta ta ƙarshe ita ce “gwaram,” sai wani dogon “sssss” da ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Baƙin mai ya malale a kwalta. Ƙashin bayanta ya karye, injin ya tsage, makanikai uku suka duba suka cire hula.

Muna da bidiyon, amma ba a ga rasuwar a ciki ba. Injiniya ya bi ƙafar da kyamara, ya bar motar, domin a cewarsa ita ta fi kyau a hoto. An ga ta tsallake titi, ta raba wasu mata biyu da ke gaisawa, ta fasa gilashin shagon mai katifa ta shiga ta kwanta.

Jama'a da dama sun yi ta tambayar lafiyar Auta, muna godiya da kulawa. Ya fito ko ƙwarzane babu. Tabaransa ma bai faɗi ba. Na duba shi da kaina, sama da ƙasa, gaba da baya, na sake dubawa ko an yi kuskure, ban sami komai ba. Haka Allah Ya so, kuma ba a jayayya da hukuncinSa.

An dawo da gawar a motar janwe ranar da Nas ta kai Baba ganin likita, aka tura ta gareji, aka lulluɓe da tamfol. Da yamma aka yi taro a kicin. Auta ya yi kuka har da majina, abin da bai yi ba ranar da ya tsaya a kan gawar, sai da aka ambaci sunan Baba. Nas ta ce, “Babu mai faɗa masa. Duk wanda ya faɗa, in wani abu ya same shi, alhakin yana wuyansa.” Ta faɗi haka tana kallona, kamar ni na riƙe magagari. Na tambaya, to ranar Asabar fa? Nan Auta ya share hawaye, basirarsa ta dawo. Ashe yana da muryarta a waya, ya taɓa ɗauka don ya ɗora a kan hotonsa.

Haka aka shiga tayar da matacciya. Duk safiyar Asabar Auta zai shiga gareji da lasifikar aro, ya ɗora ta a kan gawar, ya danna waya, ta ce “ƙyar, ƙyar, ƙyar, gurrrum.” Ni kuma aka ce in riƙa kaɗa bokiti a tsakar gida don abin ya yi kama da gaske. Na kaɗa. Ba zan ɓoye ba, duk lokacin da muryar nan ta fito daga akwatin roba, nakan juya wa gareji baya, domin na san muryar, kuma na san abin da ke ƙarƙashin tamfol.

Sun manta cewa makaho ba kurma ba ne, kuma ba da kunne kaɗai Baba yake jin ta ba. A Asabar ɗin da ta wuce ya aiko a kira mu. Muka hau, muka tarar ya dafa hannun kujera, fuskarsa a murtuke. Ya ce daɓen ya daina rawa. Ya ce ba ya jin warin fetur. Ya ce muryarta ta siranta, kamar mai magana ta cikin gwangwani. Auta ya sha jinin jikinsa, wayar tana aljihunsa. Ni kuwa na ce a raina yau gaskiya za ta yi halinta ba tare da na buɗe baki ba.

Baba ya ce, “Ina wannan?” Wannan ni ne. Na ce ga ni, Baba. Ya ce, “Ruwa ka zuba mata a inji. Na sani. Tun kana yaro hannunka ba ya taɓa abu ya bar shi yadda ya same shi. Wanki kawai aka ba ka, wankin ma ya gagare ka.” Sannan ya miƙa hannu yana laluben Auta, ya kama yatsunsa, ya ce, “Ka yi haƙuri da yayanka, haka Allah Ya yi shi. Ka duba mini ita.” Na jira. Na ba Auta lokaci, har na ƙirga numfashinsa. Ya buɗe baki ya ce, “Ba komai Baba, zan gyara.”

A kan matakala suka tare ni, shi da Nas. Auta ya riƙe hannuna biyu ya ce, “Yaya, don girman Allah. Tunda ya riga ya ɗora maka, ka karɓa gaba ɗaya. Mu ce kai ka fita da ita ka buga. In ni ne, zuciyarsa za ta buga. In kai ne, faɗa kawai zai yi, ai ya saba.” Nas ta gyaɗa kai ta ce a likitance ma hakan ya fi, domin abin da mutum yake tsammani ba ya girgiza shi. Na kalle su. Ban taɓa jin an yi wa mutum bayanin matsayinsa a gidan ubansa dalla-dalla haka ba, har da shaidar asibiti. Na ce su ba ni lokaci in yi tunani. Na yi tunanin, kuma sakamakonsa ne kuke karantawa.

Marigayiyar ta rasu ta bar safaya guda a but, ita kaɗai ta rage daga ƙafafun gado, ba ta taɓa taka ƙasa ba, yanzu ta zama marainiya. Ta bar jak, wanda aka yi amfani da shi wajen cutar da ita ba da son ransa ba. Ta bar rim uku masu ruwan zinare da ramuka kamar ƙwai, waɗanda ba za su ƙara shiga kowace mota a duniya ba, da na huɗun da mai katifa ya riƙe har sai an gyara masa gilashi. Tsofaffin ƙafafunta huɗu sun watse. Na bi sawunsu wajen mai gwangwan, ya ce uku sun tafi narkawa. Ɗayar na gan ta da idona a ƙofar wani shagon aski, an cika ta da siminti an kafa lema a ciki. Na tsaya na gaishe ta. Ta kuma bar makulli a hannun Auta, wanda har yau yake yawo da shi a yatsa don ya saba, da bokiti da soso a hannuna, da tsoho guda a saman bene.

Iyali na karɓar gaisuwa a ƙofar gareji. Masu zuwa kada su ce mini in yi haƙuri, na yi shi tun kafin a haifi wasunku. Kada a ce ƙarfe ne kawai. Kada kuma a kawo shawarar gyara, an riga an kawo Injiniya ya duba, ya ce in aka sami magagari babba zai gwada, aka fitar da shi. An keɓe masa kujera a sahun gaba ranar jana'iza, kusa da abokinsa, don jama'a su sami sauƙin nuna su da yatsa.

Ga yadda aka tsara. Za a yi jana'izar ranar Asabar mai zuwa da safe, a garejin gidanmu, daidai lokacin da aka saba tayar da ita. Ba za a kunna lasifika ba. 'Yan gwangwan za su iso da sikelinsu da injin yanka, an roƙe su su jira a waje har a gama bankwana. Za a yaye tamfol, ni zan yi mata wankan ƙarshe, tunda aikina ne kuma na saba. Daga nan maza huɗu za su hau bene su sauko da Baba a kan kujerarsa, karo na farko da zai shiga gareji tun da ƙafafunsa suka gaza. Auta ne zai riƙe hannunsa ya kai shi gare ta. Nas tana iya zuwa da abin awon jininta.

Kada a damu da yadda za a shawo kan Baba ya sauko, na riga na yi wannan. Yau da safe na hau na zauna a gabansa, na faɗa masa gaskiya zalla, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na ce, “Baba, Auta ya yi wa 'Yar Ja aiki da hannunsa, ya canza mata ƙafafu, ya sa mata masu ruwan zinare. Ba za ka gane ta ba. Ranar Asabar za a fito da ita, kowa zai zo, ya kamata ka taɓa da kanka ka ji abin da ɗanka ya yi.” Fuskarsa ta washe, rabon da in ga haƙoransa haka har na manta. Ya ce, “Ka gani? Na san yaron nan ba zai bar ta ta lalace ba. Da kai ne, da har yau tana kan tsofaffin.” Na ce ƙwarai kuwa, Baba, da har yau tana kansu. Ya sa an ciro masa tsohuwar jaket ɗinsa ta tuƙi daga ƙasan akwati a goge, ya aika a kira mai aski, ya ce a tambayi Auta ko zai zaga da shi ko da ƙarshen layi ne su dawo. Tun ɗazu nake jin sa ta cikin silin yana waƙa.

Saboda haka ana roƙon duk masu halarta su zo da wuri, su tsaya a jere, su yi tsit idan an sauko da shi. Gefen hagu za a kai shi, wajen ƙafar gaba. Kada kowa ya yi masa gaisuwar rashi sai hannunsa ya kai.